Yara Goma Sha Ɗaya, Sunaye Goma

Ranar sunan ɗan Bilki kun zauna a ɗakin tsakiya ku huɗu, kun ɗauka barci nake yi. Ido kawai na rufe saboda ciwon ƙafa. Kunnena kuwa kun san shi, tun kuna ƙanana ba a raɗa a gidan nan ban ji ba. Na ji Sani ya ce Goggo Asabe ce ta ƙwace Yayarku ta gudu da ita Ikko. Na ji Bilki ta ce a'a, Inna ce da ma ba ta damu da ita ba, ai sau biyu ta ba da ita. Ku biyun ƙananan kuka ce ba a haife ku ba lokacin, amma haka kuka taso kuka ji. To ba haka ba ne, ko in ce akwai haka a ciki amma ba yadda kuka ɗauka ba. Ni kaina da aka yi abin a kaina har yau ban gama gane shi ba. Goggonku ta rasu, ba ta da bakin da za ta kare kanta, shi ya sa na ce a sayo mini littafin nan. Rubutuna na makarantar matan aure ne, inda kuka ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku.

Yayarku ita ce 'yar farina, wannan kun sani. Abin da ba ku sani ba shi ne nauyin abin a zamaninmu. A gidanmu na Kusfa, cikin birnin Zariya, mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban wanmu a bakinta ba. In tana nemansa sai ta ce, ku ce wa wancan ya zo. In ya zo kuma ta kau da kai ta yi magana da bango. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Wadda ta kira sunan ɗan farinta, ko ta ɗora shi a cinya a gaban mutane, za a yi ta zancenta a gidan biki har shekara ta zagayo. Da wannan tarbiyya aka kawo ni gidan Babanku a unguwar Limancin Kona. Da aka yaye Yayarku, Iya, kakarku ta wajen uba, ta ce a kai ta Jos wajen 'yarta Asabe, wadda ta shekara goma sha biyu da aure Allah bai ba ta haihuwa ba. Ranar da za a tafi da ita ina dakan gero. Ban ajiye taɓarya ba har suka fice zaure, har na daina jin muryarsu a lungu. Matan gida suka yi ta sa mini albarka. Geron kuwa ya daɗe da zama gari, ni ban lura ba.

Ni ba mai fita ba ce, kun sani. Abin da na iya a duniya shi ne yara. Duk dogon hutu na damina sai ƙanin Babanku na Kaduna ya kwaso nasa biyar ya juye mana, ga na Rabi matar ƙaramin ƙaninsa su uku da muke gida ɗaya, ga Sani da Bilki. Akwatin talabijin ɗaya ne a lungunmu, shi ma sai la'asar ake buɗe tasha, in an kawo wuta. Ruwa kuma in ya tsinke ba mai leƙa waje. Babanku na zaure da ɗinkin babbar riga, aikin da ba ya son hayaniya, Iya na fama da ciwon kai. To yara goma a gida irin wannan, in ba ka da dabara sai a tashi gidan. Dabaruna ba su da yawa. Nakan aika a ɗebo yumɓu a kududdufin wajen Ƙofar Kibo, kowa ya gina tukunyarsa ko saniyarsa, in ce wanda ya yi ihu tasa za ta fashe a rana, kuma su yarda. Nakan zuba wake a faifai in ce a tsince mini, waken da na riga na tsince na mayar masa da tsakuwa. In abin ya yi tsanani sai in kwaɓa lalle in ƙunshe 'yan matan hannu da ƙafa, mazan ma in ɗaure musu ɗan yatsa guda. Yaron da aka ɗaure wa ƙafa da tsumma ba ya hawa katanga.

Amma babbar dabarata ita ce rabon la'asar. Zan fito da tire, ran nan gasasshiyar masara, ran nan dafaffiyar gyaɗa. Ba mai samu sai ya zauna ya naɗe ƙafa, ba mai tashi sai na kira sunansa, kuma kowane suna na yi masa jela.

“Sani mai kunnen tulu, zo ka karɓi naka.”

“Bilki ta gindin murhu, zo ki karɓi naki.”

“Talatu uwar garke, a taso a hankali kada ƙasa ta tsage.”

Talatu ita ce babbar 'yan Kaduna, shekararta goma, ta tsani wannan jelar amma ran da na manta ban faɗa ba sai da ta yi kuka. A nan na gane ba masarar suke jira ba. Sunan suke jira. Yaro in ya san za a kira shi a gaban kowa, zai iya zama shiru har inuwa ta kai bakin rijiya. Na san wannan tun kafin shekarar da zan ba ku labari. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da ya fi ɗaure mini kai.

Shekarar da ruwa ya kayar da katangar bayan gidanmu, wasiƙa ta zo daga Jos. Mijin Yaya Asabe ma'aikacin jirgin ƙasa ne, an mayar da shi Ikko. A lokacin Ikko a wajenmu kamar bayan duniya take, wanda ya tafi sai a yi shekaru ba a ga ƙeyarsa ba. Babanku ya shigo da wasiƙar ya karanta wa Iya, ni ina bakin ƙofa ina tankaɗe, wato da ni ake amma ba da ni ake ba. Sun shirya da yayarsa cewa za ta kawo yarinyar ta yi hutun nan duka a gida, ita ta koma ta haɗa kaya. In ta dawo sallama sai a tambayi yarinyar. In ta ce za ta zauna, ta zauna ke nan, a sa ta makaranta a nan. In ta ce Ikko, Ikko. Mako shida aka ba ni, ni da ake kawo wa 'ya'yan mutane masu ƙiwa su saba da ni a kwana biyu. Na ce a raina wannan ai an gama.

Yayarku ta iso ran wata Laraba da hantsi, da 'yar riga ja da takalmin roba, shekararta bakwai. Rabona da ita tun wata sallah tana 'yar shekara huɗu, shi ma kwana uku suka yi. Ta durƙusa ta gaida Iya, ta gaida Rabi, aka nuna mata ni ta gaishe ni, na amsa ina kallon tukunya. Amma na gani. Da ta yi dariya na ga haƙoranta na gaba sun fito sababbi, da wushirya a tsakani, irin tawa sak. Kafin la'asar na riga na yi mata jelar sunanta a zuciya, ta zo da kanta ba tare da na nema ba. Da na fito da tire na kira goma, ɗaya bayan ɗaya, ana ta dariya, ita ma tana dariya tana gyara zama. Saura ita. Masarar da ta fi kowace girma na ɓoye mata a ƙarƙashin faifai. Na ɗago faifan, na tura tiren gaban Rabi da ƙafa. Rabi ta gane, ta kira sunan haka nan ba jela, ta miƙa mata. Ta karɓa ta ce wa Rabi ta gode.

Kwana uku ana haka ba ta ce komai ba. Ran na huɗu Yaya Asabe ta koma Jos. Ran na biyar, da Rabi ta kira ta, ba ta tashi ba. Ta ce ta ƙoshi. Daga nan kuka ya fara. Ba kukan ihu ba, irin na bayan rumbu, wanda sai mai kunne ke ji. Kun san yara, in ɗaya na kuka sauran ba sa zama lafiya. Bilki ta kama, 'yan Kaduna suka fara cewa su ma gida za su, 'ya'yan Rabi suka fasa shanun yumɓun juna. Gidan da ake misali da shi a unguwa ya koma kasuwa. Babanku ya leƙo daga zaure da zare a baki.

“Wai yau me ya sami cikin gidan nan? Sau biyu allura na shiga hannuna.”

Iya daga ɗakinta ta ce, “Tambayi gwanar. Ita ake kai wa 'ya'yan mutane.”

Na yi duk abin da na sani, amma ta hannun wani. Na gina mata tukunyar yumɓu har da murfi, na ba Sani ya kai mata. Na ɗinka wa 'yar tsanarta zane da ƙyallen da ya ragu a zaure, na ba Rabi ta ba ta. Tsokar da ta fi kyau a miya tana kwanonta, amma Rabi ce mai ajiye kwanon. Sai yarinya ta koma bin Rabi kamar jela. Rabi ta shiga madafi ta bi ta, ta fito ta bi ta. Ni kuwa in na doso sai ta matsa gefe ta ba ni hanya, kamar yadda ake yi wa malamar makaranta mai duka. Wata rana ina ɗaki ina ninke kaya, na ji su ta taga ita da Talatu a gindin rijiya.

“Wallahi Inna ce ta haife ki,” in ji Talatu. “Mamanmu ta faɗa.”

“Ƙarya kike. A Jos ma an ce mini uwata na Zariya, amma ba ita ba ce. Ko sunana ba ta sani ba.”

“Ta sani mana. Kunya take ji.”

“Kunyar me? Me na yi?”

Talatu ta ce, “Oho. Haka dai ake yi.”

Na zauna a bakin gado da rigar Sani a hannu. Me na yi. Ni da na girma a cikin abin ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba. Wanmu bai taɓa tambaya ba, don ya tashi a gida ya ga kowace uwa haka take yi wa nata. Ita kuwa a barikin 'yan jirgi ta tashi, cikin kowace ƙabila, inda uwa ke tsayawa a ƙofa ta kwaɗa wa ɗanta kira har layi na uku ya ji. Ba wanda ya tuna ya gaya mata yadda muke. Mu a wajenmu abin ba ya bukatar faɗa.

Na shiga neman shawara, kuma da ban nema ba da kaina ya fi zama daidai. Rabi, wadda ta yi makaranta har aji bakwai, ta ce, “Yaya, ja ta ɗaki ki rufe ƙofa ki kira abinki. Wa zai ji? Ko bango ne zai kai ƙara?” Mahaifiyata ta zo daga Kusfa duba Iya, na raka ta zaure na ɗan taɓa mata zancen, ta tsaya cak ta dube ni. “Shekara tara kina gidan mutane ba a taɓa kawo mini ƙararki ba. Kada ki fara yanzu. Ɗa ai ya san uwarsa ko ba a faɗa ba.” Na tambayi Babanku a kaikaice, ya ce, “Ke kika san yara, ni me na sani ban da allura?” Iya kuwa, wadda ita ce maganarta ke yanke komai, da na kai mata kunu na ce yarinyar nan ta Jos ba ta cin abinci, sai ta ce, “Uhm. Yaro dai inda ya ga fuska nan yake zama.” Na fito ina juya maganar. Izini ta ba ni? Ko gargaɗi take yi mini kada in janye wa 'yarta yarinya? Na juya ta kwana uku, kowace rana da ma'anar da take ba ni.

Saura mako guda aka yi wani ruwa tun daga hantsi har azahar. Na kwaɓa lalle na ƙunshe 'yan matan a rumfar ƙofar Iya, Rabi ta ƙunshe Yayarku kamar kullum, sai aka aiko ana kiranta maƙwabta wajen mai naƙuda ta fita. Yara duk suka yi lamo, wasu har sun yi barci. Sai na ga tsumman ƙafar Yayarku ya kwance, lallen na shirin zubewa. Na duba dama na duba hagu. Na matsa na ɗauki ƙafar na ɗora a cinyata. Rabon da in taɓa ta tun tana shan nono. Ƙafar ta yi sanyi, ga wani tabo a ɗan yatsa wanda ban san lokacin da ta ji ciwonsa ba. Na ɗaure a hankali, na kwance na sake ɗaurewa, don dai kada in gama. Tana ta kallona. Can ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya, yadda ake taimakon wanda ya manta karatu, ta gaya mini sunanta.

“Shi ne sunana,” ta ce. “In kin manta ne.”

Na ce, “Ban manta ba.”

“To faɗi.”

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sunan ya taso tun daga ciki ya zo nan maƙogwaro. Sai Iya ta yi tari a bayan labule. Tari ne kawai irin na tsofaffi, ko kuwa na sanarwa ne cewa tana ji, ban sani ba, har gobe ban sani ba. Na sauke ƙafar na ce, “Kada ki motsa, zai ɓaci.” Na tashi na shiga madafi na tsaya gaban murhun da ba wuta.

Yaya Asabe ta dawo ran Alhamis da akwatuna. Juma'a da safe bayan an karya, Babanku ya shigo cikin gida, abin da ba ya yi da rana, ya zauna a kujerar tsugunno ƙofar ɗakin Iya. Iya na kan tabarma, Yaya Asabe na gefenta idonta jawur, Rabi na tsaye, yara goma sun yi layi jikin bango ba wanda ya ce su yi shiru amma sun yi. Ni ina bakin rijiya da kwanukan wanke-wanke. Ya kira Yayarku ta zo ta durƙusa.

“Goggonki za ta Ikko. Nan kuma gidanku ne, ga ƙannenki. Ina kike so? Duk wanda kika zaɓa ba mai yi miki faɗa.”

Ta daɗe tana wasa da bakin zanenta. Sannan ta ce, “In na zauna, a ɗakin wa zan kwana?”

“Ɗakin uwarki mana.” Ya nuna ni da haɓa.

Ta juyo ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, kallon mai son a warware masa lissafi ne.

“In ita ce, ta kira ni.”

Rabi ta yi 'yar dariya ta rufe baki. Babanku ya sunkuyar da kai yana duba farcensa. Na dubi Iya, don a fuskarta zan karanta abin da zan yi. Sai Iya ta juya mini baya gaba ɗaya, ta fuskanci bango tana laluben goro a ƙarƙashin matashi. Na ce shi ke nan, ranta ya ɓaci, ko kallon abin ba ta son yi. Na dubi Yaya Asabe, ta runtse ido leɓenta na rawa, na ce wannan in na kira na kashe ta. Na tuna mahaifiyata a zaure. Na tuna Rabi da bangonta. Duk wannan a cikin abin da bai fi a ja guga ɗaya ba. Hannuna na cikin ruwan wanke-wanke, na ji bakina ya yi magana ba da shawarata ba.

“Ke,” na ce. “Ki yi abin da Babanki ya ce.”

Babanta kuwa bai ce ta yi komai ba, zaɓi ya ba ta. Ta ɗan jira, ko akwai saura. Da ta ga babu, ta tashi ta je ta zauna a jikin Yaya Asabe ta cusa kai a mayafinta. Asabar suka tafi. Ban raka su tasha ba, ina daka.

Yanzu ku ji abin da ya sa na ce ban gane ba. Matan unguwa suka yi ta shigowa suna yaba ni, wai an ga 'yar gidan mutunci, ko gezau ba ta yi ba. Ran Lahadi na kai wa Iya kunu, ta ƙi karɓa.

“Ke wace irin mace ce?” ta ce. “Na juya miki baya don ki samu wuri. Na kau da idona, na toshe kunnena, me kuma kike so in yi? In kira miki ita da kaina?”

Na ce, “Iya, na ɗauka fushi kika yi.”

“Fushi yanzu nake yi.”

Na ce to tarin fa, ranar lalle? Ta ce wane tari? Ba ta ma tuna ba, ko ta ce ba ta tuna ba. Babanku kuma sai bayan wata biyu, yana cin tuwo, ya ce shi ya ɗauka tausayin yayarsa na ji na bar mata, har ya ga girmana a kan haka. Na ce da na kira fa? Ya ce da ya fi kowa murna, amma da ya ji kunya. Na ce to wanne ne a ciki? Ya ce duka. Ita kuwa Yaya Asabe, wadda Sani ke cewa ta ƙwace, sai bayan shekaru da yawa, tana jinyar ajalinta a ɗakin nan na kusa da rumfa, ta gaya mini nata. Ashe akwati ɗaya cikin waɗanda ta zo da su kayan Yayarku ne kaf, har da takardar canjin makaranta da ta karɓo.

“Na riga na yi kukana tun a Jos,” ta ce. “Na zo in bar ta ne. Da na rufe ido a ranar, addu'a nake Allah ya ba ni ƙarfin ji in kin kira. Sai na ji shiru. Na ce ashe ba ta so, to ni ina so.”

Kun gani. Mutum huɗu manya a tsakar gida ɗaya, kowa na jiran abu ɗaya, kowa na tsammanin shi kaɗai ke so. Yarinya 'yar shekara bakwai ce kaɗai ta faɗi abin da take so da baki, mu kuma muka yi mata dariya.

Shekara goma sha ɗaya ta yi a Ikko. Goggonku ta riƙe ta riƙon da ni ban isa in yi ba, ta yi karatu har ta zama malamar asibiti, kada wanda ya ƙara zagin matar nan a gabana ko a bayana. Sau uku suka zo gida a tsawon shekarun. Ta girma ta gane al'adar, ta daina tambaya, kuma wannan ya fi tambayar ciwo. Takan durƙusa ta gaishe ni da ladabi kamar baƙuwar da ta zo ganin gida. Inna ta Zariya take ce mini, wato akwai wata. Ba ta taɓa gaya mini magana marar daɗi ba, ba ta taɓa zuwa hannu sake ba, ba ta kuma taɓa zama a bakin gadona ta miƙe ƙafa yadda Bilki ke yi ba. Ku kuka ga wannan kuka yi masa fassara. Ba laifinku, abin da ido ya nuna muku ke nan.

Ko na yi daidai ko na yi kuskure, kada ku tambaye ni. In na ce kuskure ne, na ce mahaifiyata ta yi kuskure, da tata uwar, matan da na san irin son da suka yi wa 'ya'yan da ba su taɓa kira ba. In na ce daidai ne, ga ƙafar nan mai sanyi a cinyata. Abin da na sani shi ne yanzu Yayarku kan kawo nata hutu, kuma 'yar farinta ba ta minti biyar ba ta ji sunanta ba. Daga zaure take kwaɗa mata kira. Duk ta kira sai in duba ko wani ya ji, sannan in ji wani sanyi a raina. Har yau ni ke rabon la'asar, jikoki sun kai ashirin, kowa da jelarsa. Yayarku takan tsaya a bakin ƙofa tana kallo tana murmushi, ta naɗe hannu. Bara na ga leɓenta na bin sunayen tare da ni, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe.

Iya ta tafi, mahaifiyata ta tafi, Babanku da Goggonku sun tafi. Ba sauran wanda zai yi tari a bayan labule. Jiya da hantsi kun fita duka, na zauna a bakin rijiya na gwada kiran sunan da baki, ba kowa sai kaji. Sau biyu ya maƙale, na uku ya fito, a shaƙe, kamar muryar wata. An ce hutun bana su Yayarku za su zo, kuma masara ta fara shigowa kasuwa. In na iya a gabanta, to. In bakin nan ya sake cin amanata, Sani, kai ne babba a nan, ka buɗe mata wannan shafi ka ba ta ta karanta da kanta. Jelar tana nan yadda na yi ta ran Larabar da ta iso da jar riga, ban canza ko harafi ba.

Hadiza mai wushiryar uwarta, zo ki karɓi naki.